Yadda Za Ka Sake Tsara Fadama Ba Tare da Ka Jiƙa Takalmi Ba

Ɗan'uwa, na ji an sa ka cikin sabon kwamitin gyara tsarin amfani da filaye na ƙaramar hukumarmu. Barka da arziki. Kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun da ya dace. Ni Sunusi, shekara uku na yi ina sakataren irin wannan kwamiti a nan ƙasar Haɗeja, kuma da hannuna na sake tsara fadama guda, tun daga bakin kogi har zuwa tudu, ba tare da laka ta taɓa takalmina ba. Takalmin yana nan rataye a ƙusa, kana iya zuwa ka gani.

In ka bi matakan nan bi da bi, na yi maka alkawari cikin wata tara za ka sami taswira mai launi huɗu, da rahoto mai kauri, da takardar yabo, wataƙila ma har da fuloti. In ba ka samu ba, to ko dai ka tsallake wani mataki, ko ka tsaya sauraron wata tsohuwa.

Domin karatun ya zauna, zan riƙa buga misali da gona ɗaya. Gonar Goggo Kulu ce, yayar mahaifina, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Gonar tana wani lungu na fadama da mutanen ƙauyenmu ke kira Makwancin Ruwa. Tun da mijinta Malam Isa ya rasu, gonar nan ce cinta, ita ce suturarta, kuma ba ta da wata. Ka riƙe wannan da kyau, domin shi ne abu na farko da za ka koyi mantawa.

Mataki na 1: Ka gano cewa tsohon tsari ya lalace, ko da yana aiki

Ba a gyara sai da ɓarna. In ka duba ba ka ga ɓarna ba, ba ka iya dubawa ba ne.

Ga halin da Makwancin Ruwa yake ciki kafin mu zo mu cece shi. Da ruwan farko Goggo za ta yafa shinkafa. Wajen watan takwas kogi ya cika ya batse, ruwa ya shigo ya kwanta a gonar, shinkafa na bin sa tana tsawo. Sai Badamasi masunci ya shigo da kwalekwalensa ya kafa tarkon kifi a gefe. Ruwa ya janye, Goggo ta yi girbi. Daga nan Shu'ibu ya kawo shanunsa su ci bambaro, wato karan shinkafar, su bar mata taki. Badamasi na aiko da kifi, Shu'ibu na aiko da nono, ita kuma kowa da kwanon shinkafarsa bayan sussuka. Haka iyayensu suka yi, haka kakanninsu. Bulama, mai garinmu, ya ce sau ɗaya ya taɓa shiga tsakaninsu, shekarar da wata karsana ta riga girbi shiga gona, kuma ƙwaryar man shanu ce ta kashe maganar.

Ka ga ɓarna ko? Fili ɗaya, mutum uku, babu fayil ko guda. A rahoto sunan wannan "rashin tsari". Ka rubuta shi a shafin farko, ka ja masa layi a ƙasa.

Mataki na 2: Ka yi bita, amma nesa da fadamar

Kada ka kuskura ka yi taron bita a inda ake jin kukan kwaɗi. Ka nemi otal a birni, mai sanyi, mai shayi da safe da na ƙarfe sha ɗaya. Mu kwana huɗu muka yi. A can masana suka koya mana cewa a ƙasashen da suka ci gaba kowane fili launi ɗaya gare shi a taswira: kore na noma, shuɗi na kamun kifi, ruwan ƙasa na kiwo, ruwan ɗorawa na gidaje.

A nan na yi kuskurena na farko, kuma ina gaya maka ne don kada ka maimaita. Na ɗaga hannu na tambayi shugaban kwamitinmu, Alhaji Mustapha.

"Ranka ya daɗe, filin da yake gona da damina, ya zama tafki da kaka, ya koma makiyaya da rani, wane launi za a ba shi?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Sakatare, biro nawa ka gani a hannuna?"

"Ɗaya, ranka ya daɗe."

"To, zauna."

Na zauna, kuma tun daga ranar ban sake tambayar da ta wuce lokacin cin abinci ba. Mu masana muna cewa fili shi ake gyarawa ya dace da taswira, domin taswira an sha wahala kafin a buga ta.

Mataki na 3: Ka zaɓi watan zagaye

Duk cikin matakan nan wannan ne ƙashin baya. Dole kwamiti ya je ya ga fili da idonsa, doka ce. Amma dokar ba ta faɗi wata ba.

Ka je a watan huɗu. Lokacin ƙasa ta bushe ta tsattsage, mota na shiga har tsakiyar fadama ba tare da ta kafe ba. Shinkafa na cikin rumbu, kifi ya koma kogi, shanu sun gama da bambaro sun yi gaba neman ciyawa. Ba za ka tarar da kowa ba sai ƙadangaru. Ka bar safiyo mai awon fili ya fita ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, kai kuma ka sauke gilas kaɗan, ka leƙa, ka rubuta: "Fili fetal, babu mai amfani da shi."

Na san gonar. Shinkafarta ce ta gina jikin da ke zaune cikin motar nan. Na san inda ƙasa take ɗan gangarawa, na san tsohuwar giyayyar da ke tsaye a tsakiya, itaciyar nan ta fadama da ruwa ba ya kashewa. Amma ba a naɗa ni don abin da na sani ba, an naɗa ni don abin da zan rubuta. Kafin azahar mun gama zagaye ƙauyuka shida, muka dawo ofis.

Mataki na 4: Ka buga fom mai layi ɗaya

Yanzu sai ka yi shela: duk mai haƙƙi a fadama ya zo ya cika fom. Ka lura da tsarin fom ɗin. Gurbin suna ya zama layi ɗaya. Gurbin amfani ya zama akwati huɗu, a zaɓi ɗaya tak.

Su uku suka zo mini tare ranar wata Talata, Goggo a gaba, Badamasi da Shu'ibu a baya. Na tashi na ba ta kujerata, domin duk abin da za ka yi, kada ka bar ladabi.

"Sunusi," in ji ta, "an ce a zo a rubuta. Ka rubuta mu mu uku."

"Goggo, layi ɗaya ne."

"To ka ƙanƙanta rubutun mana."

Badamasi ya matso. "Sakatare, ni fa ba ƙasar nake so ba. Ruwan da ke kanta nake so, shi ma na wata uku. In ya tafi na bi shi."

"Ni kuma bambaro," in ji Shu'ibu. "Me zan yi da ƙasa? Saniya ba ta cin ƙasa."

Ga dabarar. Kada ka yi gardama, kada ka kori kowa. Ka ce adalci shi ne kowa ya sami nasa, sai ka miƙa wa kowa fom guda. Goggo ta dangwala a akwatin noma, Badamasi a na kamun kifi, Shu'ibu a na kiwo. Suka yi godiya suka tafi, har Badamasi na cewa ashe abin ba wuya.

Da yamma ka haɗa fom ukun ka manne su. Mutum uku sun nemi fili ɗaya, kowa da amfani dabam. Sunan wannan "fili mai rikici", kuma sashe na tara na tsarinmu ya ce fili mai rikici yana komawa hannun kwamiti har sai an ga abin da ya dace da shi. Ba ka ƙwace komai ba, su suka kawo da ƙafarsu. Kafin mako ya zagayo labari ya bazu cewa Shu'ibu ya rubuta gonar Kulu da sunansa, wasu kuma suka ce Badamasi ne. Mutanen da suka yi shekara talatin suna gaisawa suka fara sauya hanya.

Mataki na 5: Ka ji ra'ayin jama'a

Babu gyara sai an tuntuɓi masu ruwa da tsaki. Ka sa taron ranar kasuwa, ƙarfe goma, a fara sha biyu da rabi. Ka ba manyan baƙi bakwai damar jawabi. In an zo lokacin tambayoyi rana ta take, rabin mutane sun tafi sayar da barkononsu, sauran kuma yunwa ta koya musu haƙuri.

Sai dai akan sami mai taurin kai. Tamu Goggo ce. Ta tashi daga tabarmar mata, ta ƙi karɓar lasifika.

"Sannunku da aiki, Allah ya ba da lada," in ji ta. "Alhaji, an ce gidaje za ku yanka a Makwancin Ruwa."

"Ana dubawa, Iya."

"To ku je ku duba giyayya. Tun kafin a haifi wannan," ta nuna ni da haɓa, "Malam kowace shekara in ruwa ya gama cika yakan shiga da kwalekwale ya sari jikinta daidai inda ruwa ya tsaya. Da ya rasu na ci gaba, Badamasi ke kai ni. Sara ya fi arba'in a jikinta. Akwai na gwiwa, akwai na ƙugu, akwai na ƙirji. Akwai guda da sai na ɗaga hannu nake taɓa shi. Ku da kuka yi karatu, ku je ku karanta."

Na sunkuyar da kai ina gyara takardun da ba su hargitse ba.

Alhaji Mustapha ya yi murmushi. "Iya, Allah ya ƙara lafiya. Kina da wannan bayani a rubuce?"

"A rubuce yake. A jikin itace."

"Madalla. Za a duba."

Ka haddace kalmomin nan uku, za a duba. Ba su ce e ba, ba su ce a'a ba, kuma babu wanda aka taɓa kaiwa kotu a kansu. A takardar bayanin taro kuwa, ka rubuta gaskiya tsantsa, amma ka san inda za ka tsaya. Ni ga abin da na rubuta: "Wata dattijuwa ta yi wa kwamiti sannu da aiki, ta kuma yi masa addu'a." Duk wanda ya ce ba ta faɗi haka ba, ya zo mu dafa Alƙur'ani.

Mataki na 6: Ka ba da damar ƙorafi

Kwana ashirin da ɗaya, a rubuce, kwafi uku. Ka buga sanarwar da Turanci, ka liƙa ta a allon da ke cikin baranda, bayan tsohuwar durowar da aka rasa mai ɗauke ta. Mu ba mu sami ƙorafi ko ɗaya ba, abin da ya nuna jama'a sun gamsu.

Mataki na 7: Ka sauya suna, ka kafa turaku

Babu mai hankalin da zai gina gida a wuri mai suna Makwancin Ruwa. Sunayen ƙauye suna da wannan mugun hali na faɗin gaskiya ba a tambaye su ba. Saboda haka muka shafa wa wurin ruwan ɗorawa a taswira, muka raɗa masa Tudun Alheri. Wani a kwamiti ya ce ai ba tudu ba ne, aka ce masa fata ne ake yi wa wurin.

Sai maganar diyya. Ƙa'ida ta ce ana biyan diyyar amfanin gonar da aka tarar a tsaye ranar zagaye. Koma ka duba Mataki na 3, za ka gane dalilin da ya sa na ce shi ne ƙashin baya.

Giyayyar ta faɗo tsakiyar Layi na Uku, kuma layi ba ya kaucewa itace. Ranar da masu sara suka zo, Goggo ta riga su. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba. Ta ce su ɗan dakata. Ta jingina jikinta da itaciyar, tana bin saran nan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, tana taɓa jikinta daidai inda kowanne ya tsaya, bakinta na motsi. Ta daɗe a haka. A ƙarshe ta ɗaga hannu ta taɓa na can sama, ta tsaya jim, sannan ta ja da baya ta ce su yi aikinsu.

Ina cikin mota ina kallo. Ba zan ɓoye maka ba, na ji kunya har cikin ƙashina, kuma na so ƙasa ta tsage in shige. In irin wannan ta same ka, ka ɗaga gilas, ka ce direba ya kunna rediyo. Kunyar ba ta tafiya, amma takan lafa.

Rassan giyayyar aka fere aka yi turakun fulotai da su, aka rage wa hukuma kashe kuɗi. Har yabo muka samu a kan wannan.

Mataki na 8: Ka karɓi fulotinka da tawali'u

Al'ada ce a ba 'yan kwamiti fuloti ɗai-ɗai, don nuna wa jama'a cewa mun yarda da aikinmu. Kada ka zaɓa, ka bari a yi ƙuri'a. Tawa ta faɗo a Layi na Uku, lamba sha ɗaya, wato gonar Goggo. Alhaji Mustapha ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ga ikon Allah, Sakatare. Abin gida ya koma gida." Shi ƙuri'arsa ta faɗo kusa da kwalta, inda ƙasa take da ɗan tsayi.

Na gina ɗaki uku da falo. Da yake Goggo ba ta da abin ci yanzu, na ɗauko ta ta dawo wurina, na ba ta ɗakin da ke kallon gabas. Gari ya ɗauka, kowa na sa mini albarka, wai Sunusi ɗan halak ne, bai manta wadda ta raine shi ba. In an yi maka irin wannan yabo, ka sunkuyar da kai ka ce yi wa kai ne. Ita dai Goggo ba ta taɓa tayar da maganar ba. Takan ci abin da aka ba ta, ta ce an gode, kamar baƙuwa.

Mataki na 9: In ruwa ya zo, ka yi mamaki

Zai zo. Shekarar farko ya kai mana idon sawu, ta biyu ya kusa gwiwa. Abin da ake so a nan shi ne fuska. Ka tsaya gaban 'yan jarida, ka girgiza kai, ka ce ambaliyar ba-zata ce. Ka ɗora laifi kan ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa, da sauyin yanayi, da masu zuba shara. Duk akwai gaskiya a ciki, shi ya sa suke da daɗin ɗora wa laifi. Ka kuma sa a mayar da taswirar ofishin bene, kada danshi ya ɓata launi.

A babin nasarori ka rubuta cewa gyaran ya samar da ayyukan yi. Badamasi ya daina su a wurin, tunda ba a kafa tarko a tsakar gidan mutane, amma daga watan tara shi ke fito da mu a kwalekwale zuwa bakin kwalta. Ni nakan cire takalmi in ɗora a ka, shi ya sa har yau bai jiƙe ba. Ba ya karɓar kuɗina, kuma ba ya yi mini magana. Shu'ibu ya nausa da shanunsa wajen Birniwa, inda babu wanda ya san kakansa, na kuma ji an riga an kai shi gaban alƙali sau biyu a kan ɓarnar gona.

Daga nan sai ka ba da shawarar a kafa sabon kwamiti da zai gyara gyaran. Wannan shi ne kwamitin da aka sa ka, don haka ka ga ashe da ni da kai abu ɗaya ne.

Wanke hannu

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya, ko a ƙasa ko a ruwa. Duk wanda gidansa ya rushe, ko rumbunsa ya zama fanko, ko maƙwabcinsa ya daina gaishe shi, ya rubuto ƙorafi kwafi uku cikin kwana ashirin da ɗaya. Marubuci bai ce a bi shi ba, kuma in an tambaye shi zai ce bai san wanda ya rubuta ba.

Haka nan ba shi da alhakin zane-zanen da ke jikin bangon tsakar gidansa. Da aka shiga damunar bana na fito na tarar da Goggo ta jingina da bango, da ƙusa a hannu, tana karce siminti. Ta mayar da saran giyayyar nan duka, na gwiwa, na ƙugu, na ƙirji, sama da arba'in, kowanne a inda jikinta ya riƙe shi. Na can sama ya wuce kan taga, ya kuma wuce ƙusar da nake rataye takalmina da kusan kamu guda.

"Goggo, wannan na sama fa? Ai ruwa bai taɓa kai nan ba."

"Ya kai. Shekarar da aka haife ka ne. A kwalekwale aka kawo ragon sunanka." Ta hure ƙurar siminti daga yatsunta. "Ka matsar da ƙusar takalmin nan sama."

Da na ɗaga kai sai na ga wani gora da ta rataye a jikin katakon rufi, can sama da layin ƙarshe, an toshe bakinsa da tsumma. Na san goran. Irin shinkafarta ne, wanda take warewa kowace shekara tun kafin a taɓa ta ci. Wata gonar aro ta samu a bayan gari, taku biyar, tana shuka ɗan kaɗan don kada irin ya mutu.

"Me za ki yi da iri mai yawa haka, Goggo? Ai gona ta zama gida."

Ta dube ni kamar yadda take dubana ina yaro in na yi ƙarya mara dabara.

"Ruwa bai je bita ba, Sunusi," in ji ta. "Makwancinsa yake nema. In ya gama da gidanka, zan yi shuka."

Na ce mata za a duba. Sannan na shiga ɗaki na ɗauko guduma, na matsar da ƙusar.